Ɗan Shafa'atu

Ƙayar dabino ba ta san wasa ba. Wadda ta soki Fatna ranar nan ta huda silifa, ta nutse a tafin ƙafa, ta karye a ciki, daidai lokacin da matan rumfar tantance dabino suka tashi hutun azahar. Gonar a Al-Awali take, a gefen Madina, katanga ta zagaye ta, ƙofarta ɗaya ce ta ƙarfe, mai ita kuma wani attajiri ne da ma'aikatan suka fi sanin motarsa a kan fuskarsa. Fatna ba ta ce wa kowa komai ba. Ta ɗingisa ta zaga bayan rumfa, can gindin katangar gabas inda ba a cika bi ba, ta zauna tana tonon ƙafar da allurar mayafinta tana jan tsaki.

A nan Musaddiq ya iske ta. Shi ne direban akori-kurar gonar, dogo, mai faɗin kafaɗa, ga yawan dariya kamar wanda aka sa. Shi ne kuma ɗanta na fari, amma ba a bakin Fatna za ka ji wannan ba.

Ita mutuniyar Injamena ce. Tana amarya mijinta ya zo da ita aikin Hajji, suka zauna, daga baya shi ya kwanta dama ya bar ta. Kunyar ɗan fari da ta taho da ita daga gida, a Madina ta ƙara kauri, don abin da mutum ya fito da shi daga garinsu ya fi riƙe shi gam a baƙon wuri. Ana yaye yaron, yayarta Shafa'atu ta ɗauke shi zuwa gidanta a unguwar Jurf, kamar yadda aka saba. Tun ranar da aka raɗa masa suna, sunan bai taɓa fita daga bakin Fatna ba. “Wancan” take cewa, ko “mai motar nan”, in ta matsu ta ce “ɗan Shafa'atu”. Ba ta cin abinci a gabansa. In aka yabe shi tana wurin, sai ta taɓe baki ta ce ai don ba a san halinsa ba ne. Shi kuma Khala yake ce mata, wato ƙanwar uwa, kamar sauran 'ya'yan Shafa'atu. Amma motoci goma su taho a hanya, Fatna za ta ware maka ƙarar tasa ido a rufe. Tana son yaron nan so mai ciwo, kuma ba ta da wurin ajiye son sai cikinta.

“Khala, kawo ƙafar.”

“Wuce ka ba ni wuri. Aikin ya ƙare ne?”

Bai saurare ta ba. Ya durƙusa ya ɗora ƙafar a cinyarsa, ya karɓe allurar. Ita ta juya fuska ga katanga, kamar ƙasa ta tsage ta shige, tana roƙon Allah kada wata ta leƙo ta ga ɗan fari rungume da ƙafarta. Ya tona har jini ya fito, ya kama bakin ƙayar da farce ya zaro ta, doguwa baƙa. Ya yagi gefen rawaninsa mai ɗigon ja ya ɗaure wurin.

“To, sai ladan likita,” in ji shi.

“Likitan jakuna.”

“Sunan likitan kawai za ki faɗa. Marra wahda, Khala, sau ɗaya tak. Ba mai ji, daga ni sai dabinon nan.”

“Ka yi ta jira har Mahadi ya bayyana.”

Ya kai hannu bayan kunne ya karkata kai. “Na'am? Ban ji ba. Maimaita.”

Wasansa ke nan tun yana ƙarami. Duk abin da ta yi masa ƙunƙuni a kai, sai ya tara kunne ya ce a maimaita, wai ko sunan ne ya suɓuce. Ta ɗauki silifar za ta kwaɗa masa, yana kaucewa yana dariya, sai suka ji ƙara daga yammacin gonar, har ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsu.

Ɗakin injin ban-ruwa ne ya tashi. A ciki ake ajiye durom ɗin dizal, a ciki kuma Baba Adam, tsohon mahayin dabino mutumin Sudan, yake ɗan runtsawa da rana saboda sanyin siminti. Kafin Fatna ta ɗingiso ta iso, Adam ya fito. Ba ta gane shi ba da farko. Wuta ce ta ga tana tafiya da ƙafa biyu, tana salati, tana karo da kututture. Mata suka watse suna ihu. Musaddiq ne ya cim masa, ya kayar da shi, ya danne shi da buhu, yana kashe wutar da tafin hannunsa har fatar hannun ta saɓule ta manne a rigar tsohon. Ƙaurin nama ya cika gonar. Adam ya ɗan yi shure-shure, ya kira sunan wata mata da ba wanda ya sani a wurin, ya yi shiru.

Babu wanda bai san mafarin wutar ba. Da safen nan Bature, shugaban ma'aikata, ya sa aka tara busassun rassa a bayan ɗakin injin aka cinna musu ashana, alhali iska tana kaɗawa. Adam da kansa ya ce masa wurin ya yi kusa. Musaddiq ma ya faɗa, da ƙarfi kuma a gaban mutane, har suka yi cacar baki. Bature jikan Kanawa ne da suka zo Hajji tun zamanin tafiyar ƙasa. Ɗan ƙasa ne mai katin zama ɗan ƙasa, Hausa tana shiga kunnensa tsaf, amma Larabci ne kawai yake fita daga bakinsa. Yanzu yana tsaye yana kallon gawar.

Da mutumin kirki ne, da ya kira hukuma. Bature ƙofa ya kulle. Ma'aikata suka kashe wutar da tiyo, aka lulluɓe Adam da buhuna aka kai shi ɗakin sanyi inda ake ajiye dabino, shi kuwa ya shige ofis yana waya da mai gona. Hayaƙi a gonakin Awali ba abin da zai sa maƙwabci ya ɗaga kai ba ne, kowa yana ƙona shararsa.

Ba a jima ba aka buɗe wa wata baƙar mota ƙofa. Saif ne ya fito, mai kamfanin gadin da ke tsaron gonakin attajirin, gajere mai tsabtar tufa da ƙamshin turare, da ƙarti biyu a bayansa, da jaka a hannu. Ya sa aka tara kowa a tsakar gona, aka bi da kwando aka karɓe wayoyi. Ya ce mutum ya mutu, kuma kafin a kira shurɗa, wato 'yan sanda, sai an san wanda za a miƙa musu. Ya ce a jakar nan akwai jihaz, na'urar da ke gane mai ƙarya, ba ta karɓar rantsuwa, ba ta jin roƙo. Yana magana, Bature ya matsa ya raɗa masa wani abu, idon Saif ya sauka a kan Musaddiq, wanda ke tsugune da hannuwa a bokitin ruwa, rigarsa tana warin dizal. Fatna ta ga kallon.

Mutum ɗaya ce ta buɗe baki. Hanan, yarinyar ofis, ita ma jikar Hausawa ce haifaffiyar nan, ta yi karatu, kuma ba ta iya ganin abu ta haɗiye ba. Ta ce wa Saif da Larabci wannan ba hurumin mai gona ba ne. Ta ce a saninta mai ɗaukar aiki ba shi da ikon ɗaure ma'aikaci a jikin wannan abu dole, bincike kuma na hukuma ne, a kira motar asibiti da shurɗa kawai.

Saif ya yi murmushi kamar wanda aka yi wa tambayar da ya kwana yana jira. “Kin yi karatu, masha Allah. To ba su koya miki togaciyar ba? Bututun ruwan gwamnati ta bayan katangar nan ya bi. Wuta kusa da shi ba zancen gona ba ne, zancen amn ne. In aka zo kan tsaron ƙasa, ya binti, dokarki sai ta koma aljihu.”

Babu abin da ya haɗa Saif da tsaron ƙasa. Gadin gonaki da shaguna yake yi, jihaz ɗin ma saye ya yi don tsorata leburori. Amma kalmar amn a kunnen mutumin da zamansa ya rataya a kan iƙama, takardar izinin zama, ai ta fi bulala. Mazan da suka fara gunaguni suka sunkuyar da kai. Wani da ya ga Bature da ashana a hannu da idonsa, sai ga shi ya dage yana nazarin yatsun ƙafarsa.

Da Musaddiq aka fara. Ba a daɗe ba aka fito da shi, don yatsunsa sun ƙone, babu inda za a maƙala wayoyin. Ya ce musu lokacin da wuta ta tashi yana bayan rumfa tare da Khala, yana cire mata ƙaya. Ƙartin suka tasa ƙeyarsa zuwa wani kututturen dabino da ke gaban tagar ofis, suka zagaya hannuwansa ta baya suka ɗaure da igiyar hawa. Da igiyar ta taɓa ƙunar ya yi ƙara sau ɗaya, sannan ya cije.

“Fatna!” in ji Bature daga bakin ƙofa, yana yafito ta. “Ta'ali.”

Ofishin sanyi ƙalau, ita kuwa gumi take yi. Aka zaunar da ita a kujera. Aka sa Hanan ta zagaya mata ɗamara biyu a ƙirji da ciki, ta ɗaura mata abin awon jini a damtse, ta maƙala wasu ƙananan ƙarafa a yatsunta. Hannun yarinyar sanyi kamar na gawa. Ta sunkuyo kamar tana gyara ɗamarar, ta ce da gurguwar Hausarta, “Khala, gaskiya bas. Ni ina zuwa.” Ta sulale ta fita, ba wanda ya kula. Aka bar Fatna da maza uku: Saif a gaban allon na'urar, Bature a jingine da bango, da ƙato ɗaya a bayan kujerarta.

Saif ya yi mata bayani a hankali, kamar mai lallashin yaro. Amsa biyu ce kawai, aywa ko la, wato e ko a'a. In jihaz ya shaida ta, za a kwance yaron ya tafi asibiti. In ya ƙaryata ta, to ita ta sani. Fatna ta gyaɗa kai. Me za ta ji tsoro? Gaskiya ce da ita, ga ma ƙyallen a ƙafarta.

“Sunanki Fatna?”

“Aywa.”

“A Madina muke?”

“Aywa.”

“Musaddiq ɗanki ne?”

Tambayar share fage ce, irin wadda ake yi don a ga yadda layin mai gaskiya yake tafiya. Saif ya san amsar, kowa a gonar ya sani. Amma sunan ya daki Fatna a fuska, a gaban maza, har da Bature da ta girme wa nesa ba kusa ba. Kunnuwanta suka ɗauki zafi. Ta dubi ƙasa.

“Ɗan Shafa'atu ne,” ta ce a hankali.

Saif ya buga tebur. “Aywa ko la?”

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Fatna ta san wannan sarai, ta sha faɗa wa wasu. Amma shekara ashirin da 'yan kai bakinta yana bin hanya ɗaya, kuma tsawar ta zo kafin tunani ya zo. Bakin ya riga ta.

“La.”

Ta ga layukan allon sun yi tsalle kamar an watsa wa kaji tsaki. Saif ya jingina da kujera, ya dubi Bature, ya sake duban allon, yana kaɗa kai cikin jin daɗi. Ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Lokacin da wuta ta tashi, yaron yana tare da ita? Aywa. Ya riƙe ƙafarta ya cire mata ƙaya? Nan ma sai da kunya ta shaƙe ta, ta tuna ƙafarta a cinyarsa, zuciyarta ta buga da ƙarfi kafin ta ce aywa. Layukan suka sake tashi.

Saif ya juyo mata da allon. Ya nuna tudu na farko da bakin biro. “Nan kika ce ba ɗanki ba ne. Ƙarya ce, mun sani. To ga kamannin ƙaryarki.” Ya nuna na biyu. “Ga ta nan ta dawo, uwa ɗaya uba ɗaya. Kazzaba, maƙaryaciya.”

Sai a lokacin ta gane ramin da ta haƙa. “Aywa!” ta ce, tana ƙoƙarin tashi, ƙaton ya danne kafaɗunta. “Waladi! Nawa ne, ni na haife shi!”

“Ɗazu la, yanzu aywa. Matar da ta musanta ɗan cikinta, me ya rage da ba za ta musanta ba?”

Ta miƙo ƙafar tana nuna ƙyallen mai ɗigon ja. Ya ce tsumma ai kowa yana iya ɗaurawa. Ta buɗe baki za ta yi masa bayani, ta rasa ta inda za ta fara. Larabcinta na kasuwa ne da wurin aiki, na nawa ne da kawo da kai. Ba ta da kalmar da za ta gaya wa Balarabe cewa a wurinsu uwa takan ɓoye ɗanta na fari a bayan harshe, kuma ɓoyon ba ƙi ba ne. Ta juya ga mutum ɗaya tilo a ɗakin da ya san wannan.

“Bature, kai ɗan Hausa ne. Na san mahaifiyarka, Allah ya ji ƙanta, har ta koma ga Allah ba ta faɗi sunan yayanka, ɗanta na fari, ba. Ka san abin da na yi. Don darajar wanda ke kwance a garin nan, ka gaya masa kunya ce.”

Bature ya ji. Ta ga ya ji, don idonsa ya kauce zuwa taga. Kalma biyar daga bakinsa ta isa ta kwance igiyar. Amma in aka kwance ta daga hannun Musaddiq, ya san hannun da za ta koma.

“Me take cewa?” in ji Saif.

“Ma adri,” in ji Bature. “Ban sani ba. Surutun tsofaffi ne.”

Kunyar mara kunya asara ce, Fatna kuwa ta yi asarar a gaban marasa kunya har uku. Saif ya tashi ya buɗe taga, ya ɗaga wa ƙaton waje yatsa.

Da tiyo aka fara. Fatna tana ɗaure a kujera, fuskarta tana kallon tagar, ba abin da ya ɓoye mata. Ƙaton yana zuba wa Musaddiq a ciki da cinya, Saif ya fita ya tsaya a gefe da waya a ɗage yana ɗauka, yana cewa abu ɗaya ake so ya faɗa: ya sha sigari kusa da dizal, ya yar da guntun. Kuskure ne, kowa yana kuskure. Ya faɗa a wuce wurin.

“Ban kashe Baba Adam ba,” in ji Musaddiq.

Ƙaton ya yar da tiyon ya ɗauko ɗanyen reshen dabino, ta gindin inda ƙayoyin suke jere kamar haƙoran zarto. Bugun farko ya yaga rigar. Na biyu ya yaga abin da ke ƙarƙashinta. Jini ya fantsama har jikin kututturen, ƙayoyi suna karyewa suna zama a naman. Matan rumfa suka rufe fuska suna kuka, mazan suna tsaye kamar an dasa su, kowa yana tuna iƙamarsa da 'ya'yansa. Musaddiq ya daina cijewa, ya fara ihu, ihun da Fatna ba ta ji irinsa daga bakinsa ba tun yana goye. Duk da haka in Saif ya matso da wayar, amsar ɗaya ce.

“Ban kashe shi ba. Ku tambayi Bature wa ya kunna ashana!”

Wannan ce ta jawo masa. Bature, da ya fito yana raɓe-raɓe, ya daka tsawa cewa a rufe bakin kare. Ƙaton ya waiga, idonsa ya faɗa kan wani guntun bututun ƙarfe da aka jawo daga ɗakin injin, baƙi ƙirin da hayaƙi. Ya sunkuya ya ɗauka.

Fatna ba ta san ta yi shawara ba. Hannun da ke danne kafaɗarta ta juya ta kama da haƙori, ta datse har ta ji ƙashi, gishirin jini ya cika mata baki. Mutumin ya kurma ihu ya kai mata naushi a ido, ba ta saki ba sai da ta ciro abin da ta kama. Ta miƙe da wayoyin a jikinta, jihaz ɗin ya biyo ta daga kan tebur ya tarwatse a ƙasa. A bakin ƙofa akwai laujen yankan zarba da wani ya jingine. Ta sure shi ta fita da gudu a kan ƙafar da ɗazu ba ta iya takawa, mayafi ya faɗi, ɗamarar tana ja a bayanta.

Tana ganin ƙarfen ya ɗaga. Tsakaninta da su bai fi tsawon tabarma uku ba, amma ƙarfen ya riga ta. Ya sauka a gefen kan yaron, bayan kunne, da wani sauti kamar an fasa ƙwarya. Kansa ya langaɓe.

“Musaddiq!”

Gonar duka ta ji. Matan da suka yi shekaru suna zolayarta ko za ta suɓuta, su ma sai da suka ɗago kai. Sunan ya fito da ƙarfin da ya tsage mata maƙogwaro, kuma bai tsaya ba, ta sake, ta sake, tana kai sara. Laujen ya kama ƙaton a damtse ya buɗe shi har gwiwar hannu, ƙarfen ya faɗi, shi ma ya zube yana riƙe da naman hannunsa. Ta juya kan Saif. Mai tsaron ƙasa ya yar da waya ya ruga bayan mota, farar rigarsa tana harɗe shi.

Abin da tsoro ya ɗaure, ganin tsohuwa da lauje ya kwance. Matan rumfa suka yo waje da akwatunan dabino da duwatsu. Mazan ma, da kunya ta ishe su, suka motsa. Bature ya nufi ƙofa yana laluben mabuɗi, wata mata ta sakar masa akwati a tsakiyar baya, ya kife, aka rufe shi da duka, yana ihu yana ba da haƙuri da Hausa tsantsa wadda ba wanda ya taɓa jin ta a bakinsa. Daga nesa jiniya ta fara tashi. Hanan ce ta tuna da tsohuwar wayar tebur da ke ɗakin awo, wadda ba ta shiga kwandon Saif ba.

Fatna ba ta ga ko ɗaya daga wannan ba. Ta yanke igiyar da laujen, yaron ya sulalo, ta tare shi da ƙirjinta suka zube tare. Ta ɗora kansa a cinyarta a gaban kowa da kowa, abin da ba ta yi ba tun ranar yaye. Nauyinsa ya ba ta mamaki. Tana share masa fuska da tafin hannu, tana tsince ƙayoyin da ke wuyansa, tana kiran sunan a hankali yanzu, kamar mai koyon sabuwar kalma.

Ya buɗe ido. Ɗaya ya kumbura ya rufe, ɗayan ya yi yawo kafin ya same ta. Ya tsaya a kan bakinta, yana kallon yadda leɓunan ke motsi. Wani abu mai kama da murmushi ya taɓa gefen bakinsa, jini ya biyo.

“Khala,” ya ce, da ƙarfi fiye da kima, kamar mai magana daga cikin rijiya. “Ban ji ba. Maimaita.”

Dariya da kuka suka haɗu suka shaƙe ta. Ja'iri, ko a nan ma sai ya yi wasan nan nasa. To ya ci, ta ba shi. Ta sunkuya ta kai baki kunnensa ta faɗa masa, ta ƙara da abin da bai roƙa ba, ta ce ɗana, na fari, nawa ni kaɗai ba na kowa ba. Da ta ɗago, leɓenta ya jiƙe. Ta duba, jini ne yake fita daga kunnen, siriri, ba ya tsayawa. Ta juya kansa a hankali, ɗayan ma haka.

Ba wasa yake yi ba. Idonsa yana nan a kan bakinta, yana jira.

“Maimaita,” ya sake cewa, wannan karon da ƙyar.

Aka buɗe ƙofar gonar, shurɗa suka shigo da ma'aikatan motar asibiti. Wani ya zare laujen daga gefenta, wani ya kama damtsenta, ta fizge. Ma'aikacin asibitin ya durƙusa ya taɓa wuyan yaron, ya daɗe yana taɓawa, ya haska masa fitila a ido, sannan ya dubi abokin aikinsa ya girgiza kai. Wani hafsa mai furfura a gemu ya tsuguna a gabanta, ya yi mata magana da ladabi, ya ce ya hajja, wannan wane ne a wurinki?

Ta gaya masa. Ta gaya masa da Larabci, ta gaya masa da Hausa, ta faɗi sunan cikakke har da na ubansa, da murya yadda na bakin ƙofa ma zai ji. Hafsan ya ce ya ji, ya isa haka. Ita ba da shi take ba. Ta kama fuskar yaron da hannu biyu ta juyo da ita saitin bakinta, ta buɗe leɓe sosai yadda zai gani, tana ta maimaitawa, har suka zo da farin ƙyallen da za su lulluɓe shi suka ce ta ɗaga hannunta.